Akwatin da na yi shekara ina zama a kansa

Shekarun baya masu yawa, tun kaina yana da gashi, na taɓa yin wani aiki a nan Sakkwato wanda ko 'ya'yana ba su ji cikakken labarinsa ba sai da suka girma. Kwanan nan wani daga cikinku masu karatu ya tambaye ni wane ne ya fi yi mini alheri a duniya bayan iyayena, na ce masa zan ba da amsa. To ga ta nan, sai dai a yi haƙuri da ni, ban iya gajerta magana ba.

Zamanin mulkin soja ne, kuɗin mai sun fara kwarara, duk inda ka duba a gari tono ake yi. Wani kamfanin Turawa ya sami kwangilar shimfiɗa manyan bututun ruwa na ƙarfe daga wajen Dundaye zuwa cikin gari. Ni kuwa na gama firamare, na ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, ina karanta lamba, Turancina kuma bai wuce na gaisuwa da "to, yallaɓai" ba. Da wannan ɗan abin aka ɗauke ni, aka haɗa ni da Baturen da ke ɗaukar hoton walda. Ran da na dawo gida da hular kwano a kai, sai da na zaga Ƙofar Dundaye sau biyu kafin in shiga gida, don kada wani ya ce bai gani ba.

Aikin shi ne, in masu walda sun haɗa bututu biyu, sai a ɗauki hoton cikin haɗin a ga ko akwai tsaga. Ba da kyamara irin ta biki ake ɗauka ba. Wata na'ura ce mai nauyin tsiya, girmanta bai wuce kan keken ɗinki ba, tana zaune cikin akwatin ƙarfe mai ruwan ɗorawa, da wata alama a jikinsa mai kama da fanka. A cikinta akwai ɗan guntun ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani amma yana ratsa ƙarfe. Sai mu naɗa fim a jikin bututun, mu ja igiya mu kewaye wurin, mu koma can nesa, Baturen ya murza wani hannu mai doguwar waya, ɗan ƙarfen ya fito ya yi aikinsa, ya sake murzawa ya koma ɗakinsa. Na san cewa in yana waje ba a kusantarsa. Amma a tunanina, da zarar ya koma an kulle, akwatin ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe.

Ranar farko abu biyu aka damƙa mini, ta bakin tafinta. Na ɗaya akwatin nan. Aka ce in ya ɓace, soja ne za su zo su kwashe mu gaba ɗaya, daga direba har mai gadi, kuma a lokacin ba wanda ke ɗaukar irin wannan magana wasa. Na biyu wani ɗan bajo na roba, kamar kwalin ashana, da guntun fim a ciki. Aka ce in riƙe shi da kyau, kada ya ɓace, kada ya jiƙe, duk ƙarshen wata za a karɓa a ba ni sabo. Ba wanda ya gaya mini amfaninsa, ni ma ban tambaya ba, don kada a ce an ɗauko baƙauye.

To ni ɗan fatake ne. Mahaifina ya yi rayuwarsa a bayan manyan motoci yana kai kaya kasuwannin ƙauye, kuma tun ina ƙarami na ga yadda yake yi: ba ya barin kayansa a gefe, a kansu yake zama har a isa. A wurin aikinmu kuma sata ake yi ba kaɗan ba, mota ta tsaya shan mai sai ka nemi buhun siminti ka rasa. Saboda haka kullum da safe in an ɗora akwatin a bayan a-kori-kura, sai in haye in zauna a kansa daram, har bakin aiki. Baturen yana gaba a tasa motar, bai taɓa waiwayowa ba. Da rana in an tashi cin abinci, in ja shi inuwa in zauna a kai in sha furata. Wani lokaci har in jingina da shi in ɗan runtsa. Da yamma haka za mu dawo.

Bajon kuwa na ga ba abin da zai cece shi daga zufar Sakkwato in na maƙala shi a riga. Ban daɗe da aure ba a lokacin, matata tana da jeren kwalla sababbi a ɗaki. Na ba ta shi, ta naɗe a ƙyalle ta saka a kwallar da take ajiye turarenta. Can yake kwana, can yake wuni, sai ranar karɓa in ɗauko shi fes.

Ana aika bajojin can kudu a wanke fim ɗin, sakamako ya dawo. Nawa kullum ba komai a jikinsa. Har Baturen ya taɓa tara ma'aikata ya dafa kafaɗata ya ce su yi koyi da ni, wai ni ne na fi kowa kiyaye doka. Na yi kwana uku ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Wanda ke karɓar bajojin shi ne akawun ofishinmu, wanda daga baya ya zama abokina. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya, ya girme ni da kusan shekara goma, mai farin gilashi da rigar da ba ta taɓa yamutsewa. Wasa ne ya fara haɗa mu. Shi yana kwaikwayon "mi" da "munka" na bakina, yana kirana Basakkwace, ni kuma ina ce masa Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ban ɗauke shi komai ba illa mutumin kirki mai yawan takarda.

Na fi shekara ina wannan hali. Wani ƙarshen wata na miƙa masa bajona, sai na ga bai jefa shi cikin ambulan ba. Ya juya shi, ya kai hanci.

Ya ce, "Basakkwace, na kowa yana dawowa da jar ƙasa da gumi. Naka turaren wuta yake yi."

Na yi murmushi, don na zaci yabo ne. Na ce, "Ai ni ba ni wasa da amana, Akawu. Cikin kwallar matata shika kwana. Ran da za a amsa nika ɗauko shi."

"Wato ba ka sa shi a wurin aiki?"

"In sa shi zuhwa ta lalata shi?"

"Tun yaushe?"

"Tun ran da anka ba ni."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya ce in zauna. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro, cewa bajon nan ba kayan kamfani ba ne da ake tsoron ya lalace. Shaida ne. Aikinsa ya zauna a jikina ya sha duk abin da na sha na hasken nan, don a san in ya yi yawa. Ya ce shekara guda ke nan ana auna lafiyar kwallar matata, ni ba a san halin da nake ciki ba. Sai ya tambaye ni inda nake tsayawa in ana tafiya da akwatin. Da na gaya masa, ya cire gilashinsa ya ajiye a kan tebur, ya daɗe yana murza idanu.

Ya ce dole ya kai maganar gaba. Nan hankalina ya tashi, kuma kada ku zaci don lafiyata ne. Kunya nake gudu. Mutumin da aka dafa wa kafaɗa a gaban jama'a, a ji cewa ashe a kwalla yake ɓoye bajo. Na roƙe shi, na ce don Allah ya rufa mini asiri, daga gobe zan riƙa sa shi, ba wanda zai sani.

Ya ce, "Ɗan'uwa, in na rufa maka wannan, ban san abin da zan gaya wa Allah ba."

Washegari aka nemo na'urar awon hasken, wadda ashe tana kulle a kabad ɗin Baturen wata da watanni batirinta ya mutu. Aka sa mata sabo, aka kai ta kan murfin akwatin, daidai inda nake zama. Allurar ta tafi can ƙarshe, abin ya kama ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na ga fuskar Baturen ta yi ja, ta dawo ta yi fari. Ashe makullin ciki ya lalace, ɗan ƙarfen ba ya komawa ɗakinsa gaba ɗaya. Kowa ya ja da baya, aka bar ni tsaye ina kallon kujerata.

Manyan kamfanin sun so a mayar da ni sito kawai, a yi shiru. Abokina ya ƙi. Ya zauna ya buga takarda da hannunsa cewa a auna jinina, ya sa hannu, ya kai kwafi ofishin lafiya na gwamnati. A kan haka aka ɗauke shi daga ofis mai fanka aka mayar da shi bakin ƙofa yana rubuta sunan masu shiga da fita, a cikin rana. Ni ma an mayar da ni siton, amma an ɗebi jinin nawa a asibiti, aka aika da shi wani babban asibitin koyarwa a kudu.

Kun san yadda na saka masa? Sati uku ban gaishe shi ba. Labari ya bazu, ma'aikata suna kirana mai kwalla, ni kuma na ɗora masa laifin duka. Kullum sai in wuce ta gabansa a bakin ƙofar nan, inda aka kai shi saboda ni, in kau da kai. Shi kuwa ya rubuta sunana ya ce, "Barka da asuba, Basakkwace," kamar ba komai. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan kusan wata ɗaya da rabi aka kira ni asibiti. Likitan ɗan ƙasa ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya ɗauko wani hoto baƙi da fari ya ajiye a gabana. Na ga wasu ƙananan abubuwa warwatse kamar guntayen taliya, kowane da ɗan ɗauri a tsakiyarsa. Ya ce wannan daga cikin ƙwayar jinina aka ɗauko, ana kiransu kiromosom, kuma a cikinsu ne Allah ya ajiye tsarin halittar mutum, abin da yake gada daga iyaye ya kuma gadar wa 'ya'yansa. Ya sa bakin biro ya nuna mini wani mai ɗauri biyu maimakon ɗaya, da wasu ɓarɓashi a gefensa. Ya ce hasken nan ne ya tsinka su, suka sake haɗewa ba daidai ba. Ya ce ba a duk ƙwayoyin aka gani ba, amma an gani fiye da yadda ya kamata, kuma da na ƙara wata shekarar a kan akwatin nan, da wata maganar muke yi.

Na ce, "To likita, wane magani za a ba ni?"

Ya ce babu, sai nisantar abin, da cin abinci mai kyau, da zuwa awo a kai a kai. Jiki da kansa yana sauya jini a hankali. Sai ya tambaya, kamar abin ya faɗo masa ne, ko ina da iyali.

Na ce, "Matata na da ciki, wata huɗu."

Ya ajiye biron. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba. Jinin ya ba da labarina ne ni kaɗai, bai ce komai game da abin da ke cikin ba. Ya ce a saninsa, yawanci irin waɗannan yara lafiya lau ake haihuwarsu, amma tunda a kan abin nake zama, ba zai iya rantse mini ba. Ba wani awo da za a yi a gani a lokacin. Sai dai a jira.

Daga asibitin ban nufi gida ba. Ƙafata ce ta kai ni gidan da abokina ke haya, ban ma san yadda aka yi ba, sai dai na san shi kaɗai ne a garin nan zai gane abin da zan faɗa. Ya fito ya gan ni, bai ce uffan ba game da sati ukun nan, ya shimfiɗa mini tabarma. Matarsa, wadda ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, ta kawo kunun gyaɗa ta koma ciki. Na gaya masa komai, na yi kuka a gabansa kamar ba ni ne mai hular kwano ba. Da na natsu ya ce in je in gaya wa matata. Na ce ba zan iya ba. Mace da cikin fari, in ɗora mata wannan? Ya ce nauyin na mutum biyu ne. Na ce na ji, amma ban yi ba.

Wata biyar ɗin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Abin da na lura shi ne, da can ban san akwai yara masu lalura da yawa haka a gari ba. Yanzu duk inda na bi sai idona ya faɗa kan wani, in tsaya ina kallon uwar, ina tambayar kaina yadda take yi. In matata ta ce abin cikin ya motsa, sai in yi mata murmushin yaƙe. Na rame har wandona yana zamewa. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗanta na fari, ta tare ni wata rana a tsakar gida.

Ta ce, "Kai wanga, mi ka damunka? Kwana ukku ke nan kwanonka na dawowa da tuwo."

Na ce, "Lahiya lau, Inna. Zahi na."

Ta dube ni ta ce, "Zahin bana kai ɗai shika ci, ko?" Ta wuce abinta. Amma daga ranar ta fara tashina da rubutun sha kowace safiya, ba ta sake tambayata ba, ni ma ban faɗa ba.

Da cikin ya kai wata bakwai aka zo aka tafi da matata gidansu a Ƙofar Kware, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Gidan malamai ne, mahaifinta mutum ne da ko tari ba na iya yi a gabansa. Ran da ta sauka, da hantsi, wata goggonta ta zo ta shaida wa mahaifiyata. Ina daga bayan katanga na ji ana cewa, "Mace ta, lahiya lau." To amma ai mu komai lafiya lau ne. Ko mutum yana kan gargara, in ka tambaya lafiya lau za a ce maka.

Ga kuma al'ada. Uban ɗan fari ba ya rawar ƙafa. Ba ya zuwa gidan surukai ya ce a miƙo masa jariri, ba ya ma nuna ya ji labari. Ɓuya ake yi, abokai su yi ta zolaya. Da na doshi zauren nan ranar, da har jikokina sai an ba su labarin rashin kunyata. Kuma ko na je, me zan ce? A kwance mata zane in duba? Ba wanda ya san dalili.

Na tafi wurin abokina. Kafin in gama bayani matarsa ta fito da gyalenta a kafaɗa da wata 'yar rigar saƙa a hannu, kamar dama jirana take yi. Ta ce ita mace ce, kuma baƙuwa, ba wanda zai hana ta shiga barka. Za ta ce tana so ta gwada wa jaririyar rigar ta ga ko ta yi mata, a nan za ta tuɓe ta ta duba ta tun daga kai har tafin ƙafa.

Muka tafi mu uku. Ni da shi muka tsaya can nesa da gidan, a rumfar wani tela, na juya wa titi baya don kada wani ɗan unguwar ya gane ni. Telan ya yi ta jana da hira kan tsadar yadi, ina ce masa i, ban san abin da nake amsawa ba. Abokina yana tsaye a gefena. Sau ɗaya kawai na waiwaya na ga leɓɓansa suna motsi, ya sunkuyar da kai, na gane shi ma tasa addu'ar yake yi.

Ta fi rabin awa a ciki. Da ta fito ban iya karanta fuskarta ba, sai da ta iso ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Malam, na juya ta gaba da baya. Na duba baki, na duba ido, na duba gadon baya, na ja hannu ta riƙe ni gam. Na tafa ta firgita. Yarinyarka ba abin da ya rage mata. Ga kuka kamar na ubanta."

Na zauna a kan bencin telan. Ina ta alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba. Sai ta ce akwai kuma saƙo daga mai jego, an ce ta faɗa mini yadda aka faɗa.

"Ta ce, 'Ki ce mai shi kwantar da hankalinai shi ci abinci. Tun da anka aza min ita na riga kowa dubawa.'"

Na ɗago kai na ce, me ta sani da za ta duba?

Matar abokina ta dubi mijinta, ta dube ni. Ashe tun satin da na dawo daga wurin likita matata ta ga na canza, ta ga an daina kawo bajo gida, ta ji an mayar da ni sito. Sai ta nemi izinina wai za ta riƙa zuwa koyon saƙa wurin matar abokina, ni kuwa na ce ta je, har ina murna za ta sami abin ɗebe kewa. Zuwan farko ta ajiye ƙwarashi ta ce ba saƙa ta kawo ta ba, a gaya mata abin da ke cin mijinta. Aka gaya mata duka. Ta roƙi kada a sanar da ni ta sani, wai abin da ke kaina ya ishe ni. Rigar nan ma da aka shiga da ita, ita ta saƙa ta da hannunta.

Wata uku muna ɗaki ɗaya, ina yi mata murmushin ƙarya tana mayar mini da irinsa. Da ta dawo gida bayan wankan jego na tambaye ta don me ba ta yi magana ba. Ta ce, "Kai da kab bar amanar kamfani cikin kwallata, ka kasa barin taka wurina?"

Likita ya ce mu dakata kafin wata haihuwar, muka dakata har dangi suka fara ƙananan maganganu. Na yi shekaru ina zuwa awo, jinin yana gyaruwa a hankali. Bayan ta farin Allah ya ba mu huɗu, duk suna raye. A tsakani mun yi ɓari sau ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, har gobe ban san ko akwatin nan yana da hannu a ciki ba. Likitoci sun ce ba a iya sani. Na bar wa Allah, amma wani lokaci tunanin yana zuwa.

In na waiwaya, ba mugunta ce ta kusa halaka ni ba. Riƙon amana ne irin wanda aka koya mini a gida, da jin kunyar in ce ban gane ba. Tun daga lokacin, duk abin da aka miƙo mini aka ce in riƙe, sai na tambayi amfaninsa, ko da za a yi mini dariya. Na kuma daina ɓoye wa matata abin da ke damuna, ko da yake ita ta ce ba wani ƙoƙari na yi ba, dama can ban iya ɓoyewa ba. Masu aiki a ɗakin hoton asibiti da wuraren irin wannan, in kuna karantawa, don Allah ku sa bajonku a jiki, ku bar shi ya yi datti.

Abokina bai sake komawa ofis mai fanka ba har kwangilar ta ƙare. Ya sami aikin gwamnati a nan, muka yi shekaru muna zumunci, da salla a kai masu nama, da kirsimeti su aiko mana da shinkafa. Duk lokacin da na ɗauko maganar godiya sai ya kashe ta da wasa, ya ce hancinsa zan gode wa. 'Yata ta tashi tana kiransa Baba. Sai da ta yi aure na zaunar da ita na ba ta labarin nan, na ce mata ita dai Allah ya riga ya kiyaye ta tun kafin bawan Allahn nan ya sa baki. Abin da ya yi mata shi ne ya bar mata uba, ya bar mata ƙanne.

Da ya yi ritaya ya koma garinsu. Shekaru kaɗan bayan haka aka aiko mana ya rasu. Na ce zan tafi ta'aziyya, 'yata ta ce ƙafata ƙafarta, ga ta da goyo, ga hanya mai nisa. Muka isa gidan cike da 'yan'uwansa da mutanen cocinsu, ba wanda ya san mu. Ta shiga cikin mata da hijabinta ta zauna kusa da matarsa, ta riƙe hannunta tana kuka har ta fi 'yan gidan. Ina daga ƙofa na ji wata tsohuwa ta sunkuyo tana tambayar matar, da Hausa don baƙuwar ta ji, ko wannan wace ce.

Matar ta share ido ta ce, "'Yarsa ce ta Sakkwato."